Yaya Haladu da Littafin da Ya Raba Gidanmu

Shekara goma sha biyu ke nan bana da rasuwar yayana, Malam Haladu, wanda manoman yankin Kura da Bunkure suka fi sani da malamin gona mai littafi. Ya rasu ne a tsakiyar rani, ana cikin kwasar tumatir, kuma yawancin waɗanda suka yi masa sallah daga lambu suka taho, wandunansu a nannaɗe. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in fasa. Ni ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, allura na sani, ba alƙalami ba. Bana dai na duba na ga waɗanda suka san shi suna ta raguwa, na ce gara in faɗi abin da na sani tun ina da hali.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce littattafai nawa ya rubuta. Ban sani ba, kuma ba na jin shi ma ya sani. Sun haura arba'in dai. Ba manyan littattafai ba ne irin waɗanda ake jerawa a falo don baƙi su gani. Sirara ne, masu shiga aljihun riga, a kan takarda mai araha. Akwai na renon tumatir da dashensa, akwai na albasa da yadda ake adana ta kada ta ruɓe, akwai kusan biyar a kan shinkafa kaɗai, tun daga zaɓen iri har zuwa turara ta. Ya rubuta a kan alkama, da kiwon tumaki a bayan gida, da rabon gadon gona, wanda ya zauna da malamai suka duba masa. Ya kuma bi dattawa ya tattara tarihin ƙauyukan yankinmu kafin ruwan kanal ya zo. Bai taɓa rubuta ƙagaggen labari ba. Yakan ce abin da ke faruwa a gona ɗaya a rani ɗaya ya fi ƙarfin abin da zai iya ƙirƙira.

Mahaifinmu malami ne mai makarantar allo, a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, kuma yana noma kamar kowa. Mu uku muka rayu a ɗakin Inna: Yaya Mudi babba, sai Yaya Haladu, sai ni Binta, auta. A zamanin da muka taso, da zarar an kammala girbi sai ƙauye ya zama na mata da tsofaffi, maza sun tafi cin rani. Ina 'yar budurwa aka haƙa manyan kanal-kanal, aka jawo ruwa daga madatsa, rani ya koma damina ta biyu. Wanda bai ga wancan canjin da idonsa ba zai yi wuya ya gane girmansa. Mutanen da kakanninsu gero da dawa kaɗai suka sani suka wayi gari ana ba su irin alkama da tumatir, da takin zamani, da magungunan feshi, ba tare da sun san kan kowane ɗaya ba.

Yaya Haladu shi aka ba wa boko a gidanmu. Mahaifinmu ya rasu Yaya Haladu yana tsakiyar karatu, sai Yaya Mudi ya ɗauki gona da gida gaba ɗaya a kansa, ya ce ƙaninsa ya ci gaba. Ina so mai karatu ya riƙe wannan, domin ba a fahimtar abin da ya biyo baya sai da shi. Yaya Haladu ya gama makarantar koyon aikin gona, aka turo shi gida a matsayin malamin gona, yana zagaya ƙauyuka a kan babur.

Abin da ya fara sa shi rubutu wani maƙwabcinmu ne da ya wanke galan ɗin maganin feshi ya zuba man gyaɗa a ciki. Gidansa gaba ɗaya sai da aka kwashe su zuwa asibiti, Allah ya sa da sauran kwana. Yaya Haladu ya karɓi galan ɗin ya duba, ya tarar an rubuta gargaɗi a jikinsa tsaf, amma da Turanci, da ƙananan baƙaƙe. Ya ce mini, "Kin gani, Binta, an faɗa musu, amma da harshen da ba sa ji." A makon nan ya ari keken rubutu a ofis ya buga 'yan shafuka, boko a gefe ɗaya, ajami a ɗaya gefen da hannunsa. Aka riƙa ajiye su wajen masu sayar da iri ranar kasuwa. Daga nan bai sake tsayawa ba har ƙarshen ransa.

Yau in na shiga kasuwar Kura na ga rumfunan magungunan feshi sun ninka na da, nakan tambayi kaina me zai ce. Yanzu kowane saurayi da waya a hannu, yana kallon wani yana koyar da noma cikin minti ɗaya, rabi Hausa rabi Turanci. Na san ba zai ƙi wayar ba, don shi duk hanyar da magana za ta isa kunnen manomi yana so. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Amma na san tambayar da zai yi wa mai bidiyon: a gonar wa ka gwada?

Wannan ita ce ƙa'idarsa. Ba ya rubuta abin da bai gwada ba. Gonarsa ita ce mafi muni a layinsu, don ya yayyanka ta ƙanana-ƙanana, nan an sa taki da yawa, nan kaɗan, can ba a sa ba. Matarsa, Yaya Asabe, takan ce ita kaɗai ce matar malamin gona da ke sayen tumatirin miya a kasuwa. Duk da haka ya taɓa yin kuskure babba. A wani littafinsa na farko-farko ya ba da shawarar a riƙa cika gona da ruwa akai-akai. Bayan 'yan shekaru sai wasu gonaki suka fara fitar da farin gishiri a sama, ƙasa ta gaji. Bai ɓoye ba. Ya fitar da wani littafin, shafinsa na farko yana cewa duk mai riƙe da wancan ya daina aiki da babi na kaza, marubucin ne ya yi kuskure. Abokan aikinsa suka ce ya zubar da girmansa. Manoma kuwa daga nan suka ƙara yarda da shi.

Littafi ɗaya ne muka yi tare, na tsargiya. Ruwan da ya kawo mana arziki shi ya kawo ta. Yara suna wuni a kanal suna wanka, daga baya ka ga yaro yana fitsarin jini, kuma a lokacin akwai iyayen da ke ɗaukar hakan alamar girma ce ga ɗa namiji. Ni na kawo abin da na sani daga asibiti, shi ya mayar da shi maganar da za a iya karantawa a zaure. Mun sha musu a kan kalmomi. Ni ina son a yi kara, shi yana cewa ranar wanka ba a ɓoye cibi. Har yau in na ga yara suna tsalle cikin kanal da rana tsaka, nakan tuna cewa littafi ba ya hana yaro wanka. Amma aƙalla yanzu uwa in ta ga jini, asibiti take nufa.

Sai kuma littafin rabon ruwa, wanda shi ne dalilin wannan rubutu.

Ga wanda bai san yankinmu ba, babban kanal yakan rabu zuwa ƙanana, kowane ƙarami yana bi ta tsakanin gonaki. Wanda gonarsa ke farkon magudana shi ruwa ke fara riska, na ƙarshe sai abin da ya rage. A ƙa'ida kowa da ranarsa. Amma in rani ya yi tsanani ruwa ya ja baya, sai na farko su jefa buhunan yashi su tare, su shayar da nasu har ya yi ambaliya, na ƙarshe suna kallo. Kowa ya san ana yi, ba mai faɗa.

Yaya Haladu yana da aboki, Bitrus, mutumin Filato ne da ya zo gyaran injin ban ruwa ya zauna, ya yi iyali, ya karɓi hayar gona a can ƙarshen wata magudana. Wani rani albasar Bitrus ta bushe tana tsaye, ita da ta maƙwabtansa duka. Bitrus ba mai ƙorafi ba ne. Ya kai Yaya Haladu gonar, ya tuge kai ɗaya ya miƙa masa, bai fi girman goro ba. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai wata bazawara mai marayu, wadda gonar ce kaɗai abin da mijinta ya bar mata. A ranin nan Yaya Haladu ya ajiye babur, ya bi magudanan yankinmu da ƙafa tun daga kai har gindi, yana rubuta abin da ya gani.

Gonar Yaya Mudi tana farkon wannan magudana ta su Bitrus, kuma yana cikin masu tarewa. Yaya Haladu ya same shi ya yi masa magana a keɓe, ba sau ɗaya ba. Amsar Yaya Mudi ita ce shi bai shiga gonar kowa ba, ruwa ne ya biyo ta ƙofarsa, kuma bakin da yake ciyarwa ya fi na kowa yawa a layin. Wannan ba ƙarya ba ne. A lokacin har da 'ya'yan ƙanin mahaifinmu a hannunsa.

Da Yaya Haladu ya gama rubutun sai ya kawo mini in duba, kamar yadda ya saba. Bai ambaci sunan kowa ba. Amma ya siffanta wuraren da ake tarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma a cikinsu akwai gona mai giginya biyu a bakin kwalbati.

Na ce, "Yaya, wannan ai gonar Yaya Mudi ce."

Ya ce, "Ban sa sunansa ba."

"Giginya biyu a bakin kwalbati, duk ƙasar nan wa ke da su? Ka cire wannan layin kawai. Sauran littafin ya isa."

Ya ce, "In na cire tasa na bar ta sauran mutane, kowa zai ce malamin gona ya ga na kowa ban da na gidansu. Daga ranar ba wanda zai sake yarda da abin da na rubuta, ko a kan dashen tumatir ne."

Na ce masa mutumin nan shi ya bar komai ya riƙe gida don ka yi karatu. Ya ce ya sani, kuma shi ya sa ya daɗe yana jinkiri. Amma bai cire ba.

Littafin ya fita, ya yi tafiyar da babu wani nasa da ya taɓa yi. Ana karanta shi a majalisa, ana karanta shi a bakin kasuwa, ana cankar gonar wane ce wannan, ta wane ce waccan. Yaya Mudi ya zo gidan ƙaninsa, bai wuce zaure ba, bai kuma zauna ba. Yaya Asabe ce ta ji abin da ya faɗa daga ciki. Ya ce, "Haladu, da karatun da na tsaya maka ka yi, da shi ka tsayar da ni a gaban jama'a. Na gode." Ya juya ya tafi.

Shekaru suka shuɗe ba abin da ke haɗa su sai sallama, ita ma don kada a shiga hurumin addini. A suna ko jana'iza kowa da gefensa. 'Ya'yansu da suka tashi kamar 'yan ɗaki ɗaya suka fara jan jiki da juna. Inna ce ta fi kowa shan wahalar abin. Ba ta iya karatu ba, amma ta sa na karanta mata shafin, ta saurara har ƙarshe. Da Yaya Haladu ya zo gaishe ta sai ta ce masa, "Ban ce ƙarya ka yi ba. Amma ita ma gaskiya tana da ƙofar shiga, kai ta kan katanga ka jefo ta." Ta rasu ba ta ga sun zauna a tabarma ɗaya ba. Na san wannan ya tsaya wa Yaya Haladu a rai har ya koma ga Allah, ko da yake bai taɓa cewa ya yi nadamar layin ba.

A wajen gida kuwa littafin ya yi aiki. Dagaci ya tara manoman magudanarmu, aka sake tsara ranakun ban ruwa, aka naɗa mutanen da za su riƙa zagayawa, daga na farko da na ƙarshe. Wasu ƙauyukan suka kwaikwaya. Yaya Mudi da kansa ya kwashe buhunansa, bai jira an zo an ce masa ba, bai kuma sake jefa ko ɗaya ba. Bitrus ya ci gaba da noman albasa har ƙarfinsa ya ƙare, 'ya'yansa suna nan a Kura har gobe. Ba zan ce an daina tare ruwa ba. Tsarin yakan yi ƙarfi 'yan shekaru, ya yi sanyi, a yi rigima, a sake tayar da shi. Abin da ya canza shi ne yanzu mai tarewa ya san abin kunya yake yi.

Da Yaya Haladu zai dawo yau, ina jin zai fara da yin mamaki. Zai ga injinan casar shinkafa sun cika Kura, manyan motoci suna layi. Zai ga faifan sola a tsakiyar gona suna jan ruwa ba tare da man fetur ba, zai tsuguna ya yi ta tambaya har mai gonar ya gaji. Bai ga tsutsar nan da ta zo bayansa ta cinye tumatir a rani ɗaya ba, wadda ta sa manoma da yawa suka haƙura da shi suka koma shinkafa da masara. A shekarar mutane sun riƙa zuwa gidansa suna tambayar Yaya Asabe ko ya bar wani rubutu a kanta. Bai bari ba, bai san da ita ba. Zai kuma ga gonakin bakin titin Zariya, wajen Garun Malam, ana yanka su filaye ana gini, da ciyawar kacala tana toshe magudanan da ba a yashe ba. Na san ba zai tsaya kukan zamani ba. Ba halinsa ba ne. Zai nemi takarda.

A shekarunsa na ƙarshe ciwon suga ya cinye masa ido. Ni da nake aikin jinya na yi iya yina, amma mutum ne da ba ya jin magana a kan abinci da hutu. Rubutu dai bai daina ba. 'Yarsa Hajara, malamar firamare, takan zo bayan an tashi daga makaranta, yana faɗa tana rubutawa, ta karanta masa ya gyara. Littattafansa uku ko huɗu na ƙarshe haka aka yi su.

Wata Juma'a, bayan idon ya tafi gaba ɗaya, Yaya Mudi ya yi sallama a ƙofar gidan. Yaya Asabe ce ta amsa. Ya ce, "Ki ce wa Haladu ya fito, za mu makara." Ya riƙe hannunsa har masallaci, ya dawo da shi. Daga ranar kowace Juma'a haka suke yi har rasuwarsa. Suna tafe suna hirar taki da farashin shinkafa da wanda ya aurar da 'ya. Na tambayi Yaya Haladu ko sun taɓa tayar da maganar littafin, ya ce ko sau ɗaya. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ranar jana'iza Yaya Mudi ne ya shiga kabari ya karɓe shi.

Me ya rage na Yaya Haladu yau? In littattafan ne, yawancinsu ba a samun su. Ba a sake buga su ba, gara ta ci wasu, damina ta ci wasu. Hajara ta tattara abin da ta samu, amma akwai waɗanda ko ita sunansu kawai take ji. Wasu shawarwarinsa zamani ya wuce su, iri ya canza, magani ya canza, kuma shi ne zai fara faɗin haka. Babu titi ko makaranta mai sunansa. Samarin da ke noma a magudanarmu yanzu da yawansu ba su san an yi shi ba, ko da yake ranar ban ruwan da kowannensu ke jira daga rigimar littafinsa ta samo asali. Ina ganin abin da ya bari shi ne ya nuna cewa manomi ya cancanci a rubuta masa da harshensa, a kuma faɗa masa abin da yake, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Kuɗin wannan bai biya shi kaɗai ba, duk gidanmu mun biya, kuma har yau ban yanke wa kaina hukunci ba ko da an cire layin nan ɗaya littafin zai rasa ƙarfinsa.

Kafin in aika da wannan rubutu na je wajen Yaya Mudi, don ba na so a sake sa shi a takarda ba tare da saninsa ba. Ya haura tamanin yanzu, ya bar wa 'ya'ya gona, yana wuni a zaure. Na karanta masa duka, ban tsallake komai ba. Na ce in akwai abin da yake so in cire, zan cire.

Ya saurara yana jan carbi. Sannan ya ce, "Bar shi yadda yake, Binta. Ki ce musu abin da Haladu ya rubuta gaskiya ne, na tare ruwan. Ki kuma ce musu har yau ban ji daɗi ba." Ya ƙara da cewa, "Kuma ranar Juma'a har yanzu in na fito, ta ƙofar gidansa nake bi."

Allah ya yi wa Yaya Haladu rahama, ya haskaka makwancinsa, ya haɗa shi da Inna da mahaifinmu a inuwa ɗaya. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da kyau.